Bayan tiyatar galahanga: gashin da ake yankewa a hanya

Yaron da ke da galahanga, wato lahanin ƙwaƙwalwa da kan biyo bayan doguwar naƙuda, shawarar jarirai ko sanƙarau, yakan samu ƙagewar tsoka har ya riƙa tafiya a kan yatsun ƙafa ko cinyoyinsa su harɗe. Idan gashi da magani sun gaza, likitan ƙashi kan yi tiyata ya tsawaita agara ko ya sassauta tsokar cinya. Daga Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, irin wannan aiki yakan kai iyali Kano, musamman Asibitin Ƙashi na Dala.

Tiyatar tana sassauta tsoka, amma ba ta gyara lahanin ƙwaƙwalwar. Bayan makonni huɗu zuwa shida a cikin filasta, ƙafar takan fito da rauni fiye da da. Gashi ne ke dawo da ƙarfinta, ya koya wa yaron tsayuwa da taku, kuma yana ɗaukar watanni. Idan aka yanke shi, tsokar na iya sake ƙagewa, domin ƙashin yaro yana girma ya bar tsokar a baya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi ƙwarai. Iyalin da ya sayar da akuya a kasuwar Maigatari ya biya tiyata, da wuya ya iya zuwa Kano kowane mako, balle da damina. Sai a daina zuwa, daga baya a ce aikin bai yi ba.

Saboda haka kafin ku sa hannu, ku tambayi likita: gashin wata nawa za a yi, sau nawa a mako, kuma ko za a iya ci gaba da shi a Babban Asibitin Gumel ko a Dutse? Uwa ko mai kula da yaron ta koyi motsa gaɓoɓin a gaban likitan gashi, ta riƙa yi kullum a gida, a kuma sa masa takalmin gyaran ƙafa yadda aka umarta. Kada a kai shi wajen mai ɗori a ja ƙafar da ƙarfi.

Idan yatsun ƙafa suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi a cikin filasta, ko aka ji wari da zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.