Raddi ga masu kare kalmar "chasmal"

Wani ɗan'uwa malamin Turanci ya sa kalmar chasmal a takardar koken mutanen Durun kan zaizayar ƙasa, da aka yi masa magana kuma ya kare ta da hujjoji uku. Niyyarsa alheri ce, Allah Ya saka masa. Sai dai hujjojin ba su zauna ba.

Ya ce ma'anarta "mai zurfi", illa dai ta fi deep daraja. Tun daga nan aka saki hanya. Chasmal sifa ce da aka ciro daga chasm, wadda Turanci ya samo daga Girkanci ta hanyar Latin, kuma tushenta wangale baki ne, irin na mai hamma. Zurfi kaɗai bai isa ba. Sai ƙasa ta tsage, gefe biyu sun rabu sun bar wawakeken fili a tsakani. Rijiya mai gaba goma tana da zurfi, amma Baturen da ya san harshensa ba zai kira ta haka ba. Su kansu Turawan ba su cika taɓa kalmar ba. Mawaƙin Ingila Thomas Hardy ya yi amfani da ita a 1913, yana siffanta gaɓar teku mai duwatsu a Cornwall. Gidanta ke nan, waƙa, ba teburin injiniya ba. (Da k ake furta farkonta, malam, ba da c ba.)

Ya ce Hausa ba ta da kwatankwacinta. Ina aka baro kwazazzabo? Ga maƙwabtanmu Karaye, inda madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992. Gorge ɗin da ke cikin sunanta na Turanci ai kwazazzabo ne. Manomin Kabo ko Gwarzo bai taɓa rikita kwari da kwazazzabo ba. Kwari shimfiɗaɗɗe ne, ana shuka a cikinsa. Kwazazzabo kuwa bakinsa a tsaye yake, kowace damina sai ya ƙara cin kunya biyu ko uku na gona, saiwar bishiya ta fito tana reto a sarari. In kuma ratar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka ake nufi, ga rata, ga tazara, ga giɓi.

Hujjarsa ta ƙarshe, wai manya sun fi sauraron dogon Turanci. Wanda zai karanta takardar nan so yake ya ga mita nawa ne zurfin, gonaki nawa suka tafi, saura taku nawa ruwa ya kai gidaje, kwalbati ake nema ko magudanar kankare. Shafi biyu aka cike, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. A cire chasmal, a rubuta gully da injiniyoyi suka sani, sannan a tura matasa da igiyar awo kafin ruwan bazara ya sauka.