Laifin me mujiya ta yi mana?

A makon jiya aka kashe mujiya da 'ya'yanta a unguwarmu, a nan Gusau, kuma ba yara kaɗai suka yi aikin ba. Yara dai su ne masu danƙo da duwatsu, amma wanda ya ɗauko tsani magidanci ne da furfurarsa, wanda ya kawo kalanzir kuwa ya sha jan mu salla in liman bai fito ba. Laifinta shi ne ta yi sheƙa a silin wani kango, kuma a gidan da ke jikin kangon akwai jaririn da zazzaɓi ya sa a gaba. Shi ke nan, an yanke hukunci. Aka zaro 'ya'yan, farare tas, ko fiffike ba su gama yi ba, suna ta huci, aka tara su a bakin kwata aka cinna musu wuta. Uwar ta fito a firgice, ruwan duwatsu ya sauko da ita.

Na ce wa mai kalanzir ɗin: "Malam, me ta yi?" Ya ce: "Haba Malam, kai ma ka sani. Wannan tsuntsuwar ba ta sauka a banza." Na ce to an kai yaron asibiti? Ya ce ana shiri.

Ana shiri! An sami tsani, an sami kalanzir a wannan tsadar, an sami ashana da 'yan kallo, amma kuɗin Keke Napep zuwa asibiti ne ake shiri. Kuma wannan a Zamfara, jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'a a 1999, inda ɗan Islamiyya ma ya san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya rushe canfi da tsuntsaye. Malamai sun yi bayani cewa cikin abubuwan da hadisin ya kore har da abin da Larabawan jahiliyya ke ƙudurcewa game da mujiya, cewa kukanta a kan gida sanarwar mutuwa ce. Wato abin da muke yi yau an riga an hana shi tun kafin a kafa garin Gusau da shekaru fiye da dubu. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Mun san an hana azabtarwa da wuta, an hana mayar da mai rai abin gwada saiti. Duk mun sani. Sai dai da tsuntsuwa ta yi ƙara a kan katanga, karatun ya zube.

To bari in gaya muku abin da kuke tsoro. Idanun nan manya da ke kafe ku, ba mugunta ba ce, halitta ce: ƙwayar idon mujiya ba ta juyawa a gurbinta, don haka dole ta juya kai gaba ɗaya. Allah ya ba ta ƙasusuwan wuya 14, mu da ke zagin ta 7 gare mu, shi ya sa take iya waiwayawa har ta ga bayanta ba tare da ta motsa ƙafa ba. Farar fuskar nan mai faɗi aikinta tattara sauti, kamar dish ɗin talabijin da ke kan rufin gidanku, ta tura shi zuwa kunnuwa. Kunnuwan ma ba a saiti ɗaya suke ba, ɗaya ya ɗara ɗaya sama, don ta gane daga ina motsi ya fito. An gwada ta a ɗaki mai duhu ƙirin, ta cafke ɓera da ji kawai. Tashin da take yi shiru, wanda ake cewa na mayu ne, daga gashin fiffikenta yake: bakinsa zara-zara ne, jikinsa da laushi, iska na ratsawa ba ƙara. Kukan nan mai tayar da tsikar jiki kuwa yawanci kiran abokiyar zama ne, ko 'ya'ya ne ke neman abinci.

Me take ci? Kusu. Ɓeraye. Duk wanda ya duba ƙarƙashin sheƙarta zai ga dunƙule-dunƙule baƙaƙe, domin haɗiye ɓera take ɗungurungum, daga baya ta amayar da gashi da ƙashi. Ka fasa ɗaya da tsinke, za ka ga muƙamuƙi da 'yan haƙora. Babbar mujiya na cin ɓera uku zuwa huɗu a dare, ga kuma baki biyar ko shida a sheƙa suna jira. Ku lissafa na shekara da kanku. Manomin Tsafe da ya sayar da ransa ya je gona a wannan zamani na 'yan bindiga, ya samo damin gero da ƙyar, wa ke cinye masa shi a rumbu? Ba mujiya ba. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wa ke yaɗa shi da fitsari da kashi a cikin hatsi? Ɓera. Shi ne ke kwana a ɗakin jariri, amma ban taɓa ganin an ɗauko masa tsani ba.

Abin da muke ɗauko masa shi ne guba, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Ka shiga kasuwar Gusau ko tashar mota, sai ka ji lasifika a kan baro tana ta kwarmato: maganin ɓera, ci ka mutu nan take, ya bushe ba wari. Ƙulli-ƙulli a farar leda, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba wanda ya san abin da ke ciki, har da mai sayarwar. Ka tambaye shi, ya ce: "Alhaji, ɗan waje ne, gwada ka gani." In gwada a ina? A gidan da yara ke rarrafe? Uwargida ta barbaɗa a kan guntun kifi ta tura bayan buhun masara, kaza ta tsattsaga, kyanwa ta lasa, yaro ya tsinta. Ɓeran da ya ci kuma ba lallai ya mutu a wurin ba, sai ya fita yana tangaɗi, mujiya ta ɗauke shi ta kai wa 'ya'yanta, gida guda ya ƙare. Wato inda dutsenmu bai kai ba, gubarmu ta kai. Bayan wata biyu ɓeraye sun dawo fiye da da, mu koma wurin mai baro, shi kuma ya ƙara kuɗi. Ko sau ɗaya ban ga jami'in da ya tsayar da baron nan ya ce a buɗe ledar ba, alhali mai talla ya ɗan matso bakin titi sai ka ga an yi masa ca.

Halin namu ɗaya ne har a wake. 'Yan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari don kada ya huje, har Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015 saboda gubar da ke jiki. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da yin ƙosai da alala da shi. Mu ne fa mutanen da gubar dalma ta kashe wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. In akwai waɗanda ya kamata su ji tsoron guba fiye da kukan tsuntsu, ai mu ne.

Wasu ƙasashen gida suke gina wa mujiya. A Malesiya masu gonakin kwakwar manja sun daɗe suna kafa akwatuna a kan dogayen sanduna don ta zauna ta rage musu ɓera, haka ma manoma a Isra'ila da Jodan da Falasɗinu, waɗanda ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Akwatin nan katako ne da ƙusa da ƙofa guda, kowane kafinta a Bungudu zai haɗa shi kafin la'asar. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga malaman gona a kowace ƙaramar hukuma: me zai hana a kafa goma a gonakin gindin dutsen Kwatarkwashi a gani? Kuma limamanmu na Juma'a, da ba sa rasa huɗuba a kan tufafin 'yan mata, su ware mana guda ɗaya kafin kaka a kan wannan canfi, su faɗi sunan tsuntsuwar ɓaro-ɓaro, don masu ja mana salla ma su ji.