Filin Kimiyya: Na'ura Ɗaya, Kwamfutoci Da Yawa

A wannan wata za mu taɓo batun uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima.

Akwai dabarar da ake raba na'ura guda ta zama tamkar kwamfutoci goma, kowace da nata tsarin aiki, kamar gidan haya da kowa ke da ɗakinsa da makullinsa. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwar Intel da ta AMD ne ke riƙe da wannan fage. To, sai ga ARM, irin wadda ke cikin wayar hannunka. An fara ƙera ta a Kambirij ta Ingila a 1985, kuma ta yi suna ne wajen ƙarancin cin wuta. A 2013 manhajar KVM ta Linux ta soma aiki a kanta. A 2018 kamfanin Amazon ya fito da Graviton, sannan a 2020 VMware ya saki ESXi na gwaji domin ARM.

Amma fa a kula kafin a kashe kuɗin makaranta ko na ƙungiya. Yaren ARM daban, na Intel daban. Tsohuwar manhajar da aka rubuta domin Intel ba za ta zauna a ɗakin nan kai tsaye ba, sai an sa mata tafinta irin QEMU, shi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Don haka a tambayi mai sayarwa tun da wuri: manhajar albashi da ta rajistar ɗalibai, akwai su na ARM?