Filin Sana'ar Hannu: Motar Kara Makaranta Ce

Da an gama girbi, kara ya bushe a gonaki, sai masu ƙera motoci su fito a kowane gari, daga Madawa har Matamai. Yara ne 'yan shekara 7 zuwa 12. Kayan aikinsu tsohuwar reza ce da ƙayar aduwa. Iyaye da yawa suna ganin abin ɓata lokaci ne. Wani uban ma yakan take motar da ƙafa, ya kora yaro kiwo. To, a tsaya a dubi aikin da kyau kafin a take shi.

Yaro yana fara feƙe bayan kara, ya fid da totuwa. Totuwar ita ce katakonsa. Ɓawon da ya feƙe, da ƙaya, su ne ƙusoshinsa. Ƙafafun mota kuwa, da sakaina yake yin su ko da tsohon silifa. A nan karatu yake farawa. In hudar ƙafa ba ta zo daidai tsakiya ba, mota za ta yi ɗingishi. Dole ya auna da zare har ya gano tsakiyar. In hudar ta matse, ƙafa ba ta juyawa. In ta yi faɗi, ƙafa ta fita.

Sandar ƙafafun baya, ɗaure ta yake yi tamau. Ta gaba kuwa, ƙaya guda yake soka mata a tsaka, don ta iya karkata dama da hagu. Sai ya haɗa ta da dogon kara mai zobe a kai, shi ne sitiyari. Wani yaron har tifa yake yi mai zub da yashi. Wani ya sa batir da ƙwan tocila, motarsa ta haska da dare.

Manomi mai amalanke ya san wannan lissafi. In kaya sun yi gaba, jaki ya samu gyambo a baya. In sun yi baya, amalanke ta ɗaga jaki sama. Yaron da motarsa ta kife sau goma ya riga ya gane inda nauyi yake zama.

Ga misali daga ƙasar Malawi. Wani yaro ɗan manoma, William Kamkwamba, ya bar makaranta saboda yunwa ta faɗa wa ƙasarsu, iyayensa sun kasa biyan kuɗin karatu. A shekarar 2002, yana ɗan shekara 14, ya tattara tsohon keke da fankar tarakta da itatuwa. Ya haɗa injin da iska ke juyawa, ya kawo wutar lantarki gidansu. Da farko mutanen garin sun ɗauka ya taɓu. Daga baya su ne suka riƙa zuwa cajin wayoyinsu. A 2014 ya gama jami'a a Amurka.

A ƙasar nan ma hannu yana ciyar da gida. A kasuwar Katako ta Yamai, maƙera suna narka tsofaffin gwangwanaye da sauran tarkacen alminiyam, su zuba a cikin yashi, tukunya ta fito. A gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, an ware wuri don dukawa da maƙeran farfaru da masaƙa.

Kowane ƙauye yana bukatar mai gyara. Famfo yakan lalace, mata su koma rijiya mai nisa, ana jiran bakanike daga birni. Garma takan karye ana tsakiyar huɗa. Mai gyaran gobe yana nan cikin yaran da ke jan motar kara yau.

Saboda haka iyaye su ba yaro lokacinsa bayan lakwal da kiwo. Su ba shi kara daga gonarsu, kada ya zare na dangar maƙwabci. Su lura da reza da gwangwani mai tsatsa. In ya yanke, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita. Kada a bar shi ya fasa tsohon batir, akwai guba a ciki. In an ga hannunsa ya faɗa, a kai shi wurin maƙeri ko mai gyaran keke lokacin hutu, yarinya ma kada a hana ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.