Tazarar Haihuwa: Asibitin Unguwa Namu Ne Mu Ma

Jama'a, akwai maganar da muke yi a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa, wadda ya kamata a fito da ita fili. Ku dubi zaman da muke yi a Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas: ɗaki ɗaya, haya mai tsada, uwa tana can gida Arewa, babu mai kama wa mai jego. A irin wannan zama, idan mace ta yi kwanika, wato ga goyo ga ciki, ita kaɗai ke ɗaukar wahalar, sai kuma yaron da aka yaye ba shiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu suna tafiya goyon gida, kuma malamai da dama sun halatta tazara idan miji da mata sun yarda, bisa hujjar azalu da aka yi tun zamanin Sahabbai. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke guje wa asibitin gwamnati. Wasu sun ɗauka na 'yan ƙasa ne kawai, wasu na tsoron za a yi musu Yarbanci ba su ji. Sai a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya, ba awo, ba bayani. Na san wata maƙwabciyarmu da ta yi wata da watanni tana shan ƙwaya tana fama da ciwon kai, ashe hawan jini gare ta, kuma irin ƙwayar ba ta dace da ita ba. Awon minti biyar da ya raba ta da wannan wahala.

Mu sani, sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, asali ko addini. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta mai da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta da na jihohi da ƙananan hukumomi. A 2017 aka fito da alamar koren ɗigo, wadda ake liƙawa a wuraren da ake wannan aiki. Gaskiya ne wani wurin za a nemi kuɗin kati ko na safar hannu, wani lokacin kuma a ce kaya sun ƙare. Idan an karɓi kuɗi, a nemi rasiɗi. Idan sun ƙare, a tambayi ranar dawowa, ko a nemi a tura ki babban asibiti.

Hanyoyin kuwa suna da yawa. Akwai ƙwayar da ake sha kullum. Akwai allurar wata 3, har da irin wadda ake koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida. Akwai ashanar fata da ake sawa a dantse, mai shekara 3 ko 5. Akwai robar mahaifa mai kai shekara 10. Akwai kwaroron roba, wanda shi ne ke kare cututtukan saduwa. Shayarwa ma tana hana ciki, amma sai an cika sharuɗɗa uku: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba.

'Yar uwa, idan kin je, haƙƙinki ne a auna ki, a yi miki bayanin kowace hanya da matsalarta, ke ki zaɓa, a kuma rufa miki asiri. Allura da ashana kan rikita jinin al'ada, kuma bayan barin allura ciki kan yi jinkirin wasu watanni. Ashana da roba kuwa, duk ranar da kike son haihuwa kina da ikon cewa a cire.

Maigida, kai ma da kai ake. Rakiyar awa ɗaya ta fi jinyar wata guda sauƙi. Ka bar rumfa ka raka iyalinka, ka ji bayani da kunnenka.

Kirana ga shugabannin ƙungiyarmu shi ne su zaɓi mata biyu ko uku masu jin harshen gari da riƙe sirri, su riƙa raka 'yan uwa asibiti. Wadda aka wulaƙanta ko aka kora don ita Bahaushiya ce, ta kawo ƙara ofis da rana da wuri, mu kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce. Haraji muke biya a garin nan kamar kowa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba iyayensu mata lafiya, amin.