Tsawon Itace da Yawan 'Ya'ya: Batun Fiya Mai Jure Ƙarancin Sanyi

Fiyar da ake nufi a nan ba wadda aka saba gani a kasuwannin Jos ba ce, mai ƙwallo guda babba a ciki. Wannan 'yar'uwar tuffa ce, itaciyar ƙasashen sanyi, wadda ba ta fure sosai sai ta yi barcin hunturu. Masana sukan ƙidaya sa'o'in da sanyi ya tsaya tsakanin digiri 0 da 7 a ma'aunin Salsiyas. Irin da ake kira Bartlett yana bukatar kamar sa'o'i 800, alhali kuwa Hood da Flordahome, wanda Jami'ar Florida ta fitar a 1982, sa'o'i 300 ma sun yi musu yawa. Da haka ne fiya ta shiga lambunan gidaje a kudancin Amurka, kamar yadda Patharnakh ya zauna a Panjab ta Indiya.

To, amma akwai wani ruɗi da ke tattare da waɗannan ire-ire, watau ƙarfin girmansu. Galibi ana aurar da su ne a kan gindin fiyar Callery, mai ƙarfin tsiya, ga kuma lokacin ɗumi mai tsawo. Sai rassa su miƙe sama ƙyam kamar gora. Mai lambu ya duba, ya yi murna, ya ƙara taki, yana zaton ya yi dace. Haƙiƙa kuwa ya yi kuskure. Reshen da ya miƙe tsaye ganye yake yi. Fure ya fi fitowa a kan 'yan gajerun ƙahonni da ke tsirowa a jikin reshen da ya kwanta. Idan ya fusata ya datse kan itacen, sai sababbin tsirrai su ɓarke fiye da na da, shekarar 'ya'ya ta ƙara nisa.

Abin bai tsaya nan ba. Wannan ɗanyen toho da takin yuriya ke haifarwa shi ne ƙofar wata cuta ta bakteriya, wadda ke barin reshe baƙi ƙirin kamar wuta ta babbake shi, kansa a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ɗumi da laima, waɗanda Florida ke da su a yalwace, su ne abokan tafiyarta.

Saboda haka bai kamata a auna nagartar irin fiya da tsawon da ya yi a shekara biyu ba. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba ta bukatar fassara: a janyo rassa da igiya ko a rataya musu ɗan dutse har su buɗe, a rage taki, a sassauta datsa. Sannan a dasa Hood kusa da Flordahome, domin kusan tare suke fure, ƙudan zuma ya riƙa kai garin furen wannan ga wancan.