Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta

Sanin kowa ne cewa duk lokacin da zaɓe ya gabato a ƙasar nan, sai a cika wa talaka kunne da cewa ƙuri'arsa ce 'yancinsa, ya yanki kati, ya fito da sassafe ya hau layi. Maganar gaskiya ce, amma an ɓoye rabinta. Kafin takardar ƙuri'a ta iso hannun mai zaɓe, ta riga ta bi ta hannun masu jam'iyya da suka tace sunayen da ke jikinta, da masu kafofin watsa labarai da suka zaɓar masa abin da zai ji, da kuma ƙungiyoyin da ke magana da sunansa alhali bai aike su ba. Duk mai shakka ya waiwayi abin da ya faru tsakanin 1989 da 1998.

A 1989 Janar Ibrahim Babangida ya yi watsi da dukkan ƙungiyoyin siyasar da suka nemi rajista, ya kafa jam'iyyu biyu na gwamnati, SDP da NRC. Gwamnati ce ta rubuta masu manufofi, ita ta gina masu ofisoshi. A 1992 aka soke zaɓen fid da gwani, aka haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa. Daga abin da ya rage ne aka fitar da Abiola da Bashir Tofa.

Duk da haka jama'a suka fito ranar 12 ga Yuni, 1993, kuma sakamakon da ya fito ya nuna Abiola ya yi rinjaye har a Kano, jihar Tofa. To amma kwana biyu kafin nan, wata ƙungiya mai suna ABN ta Arthur Nzeribe, wadda babu wanda ya zaɓe ta, ta samo umurnin hana zaɓen daga wata kotu a Abuja. Irin wannan ruɗanin na kotuna gwamnati ta fake da shi ta soke zaɓen ranar 23 ga watan.

Su kuma kafofin labarai, sai a 1992 doka ta yarda mutum ya mallaki gidan rediyo ko talabijin, saboda haka a lokacin zaɓen bakin gwamnati kusan shi kaɗai ake ji a iska, in ban da tashoshin waje. Jaridar Concord ta Abiola ce, kowa ya san inda ta sa gaba. Waɗanda suka ƙi bin layi sun sha rufewa, kuma a 1995 gwamnatin Abacha ta ɗaure 'yan jarida huɗu bisa zargin juyin mulki. Zuwa Maris na 1998 wata ƙungiyar matasa, YEAA, ta tara mutane a Abuja suna roƙon Abacha ya zarce, a Afrilu kuma jam'iyyu biyar ɗin da ke da rajista duk suka tsayar da shi. Da an kai ga wannan zaɓe, da talaka ya sha rana a layi don ya zaɓi mutum ɗaya cikin mutum ɗaya.

Ba a ce kowace ƙungiya haka take ba. Ma'aikatan man fetur da suka tafi yajin aiki a 1994, har aka tsare jagoransu Frank Kokori shekaru, su ma ƙungiya ce. Bambancin yana ga wanda ke ɗaukar nauyi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Soja sun koma bariki a 1999, amma matacin bai gushe ba, kuɗi ne suka gaji bindiga. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Wakilai 1,271 suka tsayar da Tinubu, 371 suka tsayar da Atiku. Da aka zo zaɓen 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Zaman gida kuwa bai taɓa hana a rantsar da kowa ba, sai dai ya sauƙaƙa wa masu sayen ƙuri'a ciniki. Abin da ya kamaci al'umma shi ne ta shiga lamarin tun daga Larabarsa. Mutanen unguwa su san wane ne shugaban jam'iyya a mazaɓarsu, da yadda aka yi ya hau. Mai sauraron shirin siyasa a rediyo ya tambayi wanda ya sayi filin kafin ya ɗauki maganar sojan baka. Duk ƙungiyar da ta fito da sunan matasa, ko 'yan kasuwa, ko wani yanki, a tambaye ta wa ya biya kuɗin mota da na zauren taro. Malamai da masu faɗa a ji kuwa, nauyin da ke kansu ya fi na kowa, domin da yawa daga masu hawa layin da maganarsu suke fitowa, kuma za a tambaye su a kan wannan amana.

Allah Ya sa a gane.